Na yi notari ta intanet don takardar wakilci zuwa Kano, ga yadda ta kaya

Da a ranar da na gama da kamfanin manhajar notarin nan na rubuta wannan sharhin wallahi tauraro biyar zan ba su babu tunani, har sai da na tura wa ƙawayena biyu na wajen aiki sunan manhajar a daren. Yanzu kuwa da ƙyar nake iya ba su biyu.

Gidan gado ne na Baba, Allah ya jiƙansa, aka samu mai saye a Kano, lauyan mai sayen ya ce dole kowane magaji ya sa hannu ko ya wakilta wani a rubuce. Ni ina Bronx a birnin New York na Amurka, aikin dare nake yi, ba isasshen hutu ba kuɗin tikiti, sai aka ce in ba Yaya takardar wakilci a buga mata hatimin notari, wato jami'in da hukuma ta ba izinin shaida cewa kai ne ka sa hannu. Lauyan namu ya rubuto ya turo min ta WhatsApp. Bankin da nake ajiya suna yin notari kyauta amma matar da ke yi ba kullum take nan ba, ranar da na same ta kuma tana ganin takarda ce ta sayar da gida a wata ƙasa ta ce ita ba ta taɓa irin wannan. To shi ne fa na koma waya.

Aikin kansa ba ni da abin cewa. Na loda takardar, na ɗauki hoton lasisin tuƙi gaba da baya, sai tambayoyin nan biyar da suke ciro wa daga tarihin bashinka da tsofaffin adireshi, minti biyu kacal ake ba ka kuma sai ka ci huɗu. Har titin da na fara zama lokacin da na zo ƙasar sai da suka tambaye ni. Wanda bai daɗe da zuwa ba, ba shi da lambar soshal sikyuriti da gwamnatin Amurka ke bayarwa ko tarihin bashi, nan zai maƙale, wannan ku sani. Ina wucewa sai ga wata dattijuwa a bidiyo, mai fara'a, ta sa na ɗaga lasisin kusa da fuskata, ta tambaye ni ko na fahimci abin da zan sa wa hannu kuma ko akwai wanda ya tilasta min, ta ce ana naɗar komai. Na sa hannu da yatsa a kan waya, ta manna hatiminta, kafin in gama shan shayi PDF ya shigo imel. Dala 25 sai ƙarin kuɗin shaida da suka kawo min nasu. Wajen ƙarfe uku na dare fa, ina ɗakin hutu a wajen aiki! Gaskiya abin ya burge ni sosai, na tura wa Yaya na ce gobe ka kai musu a gama.

Washegari ina barci kira ya tashe ni. Yaya ne, ya ce Auta wannan takardar da kika turo an ce ba za ta yi ba. Ya je ya buga ta a shagon kwamfuta, mai kala ma don hatimin ya fito, ya kai wa lauyan mai saye, mutumin ya juya ta gaba da baya ya shafa da yatsa ya ce ina hatimin? Ba tudu, ba jan tambari, ba tawadar biro, ya ce wannan ai kowa zai iya haɗa ta a kwamfuta, kuma ko shi ya karɓa ofishin da za a yi rajista ba za su karɓa ba. Na ce Yaya ka ce masa ya buɗe ainihin fayil ɗin a kwamfuta, akwai shaidar da ke nuna ba a taɓa shi ba tun da aka sa hannu. Ya ce Auta mutumin nan takarda yake so ya riƙe a hannu ya saka a fayil.

Kuma da raina ya huce na ga lauyan bai yi laifi ba. Duk tsaron takardar yana cikin fayil ɗin ne, da zarar an buga ta a farar takarda ba ta da bambanci da fotokwafi. Mutum zai biya miliyoyi a kan gida a garin da rikicin fili da takardun bogi ba sabon abu ba ne, sannan a ce ya yarda da hoton hatimi daga wata mata da bai san inda take ba? Ko ni ce ba zan yarda ba. Eh Najeriya ta yi sabuwar dokar notari a 2023 wadda ta amince a yi aikin ta bidiyo da sa hannu na lantarki, lauyanmu ma ya kawo maganar, amma mai kuɗi ya ce sai ya ga tawada, to me za a ce masa.

Inda raina ya ɓaci shi ne da kamfanin. A saman takardata an rubuta Kano, Nigeria ƙarara, adireshin gidan yana ciki, matar ta karanta, manhajar ma ta tambaye ni wace irin takarda ce. Babu wanda ya ce min tsaya, takardar da za ta fita waje tana da nata hanyar. Shafinsu cike yake da cewa halal ne a duk jihohin Amurka, wanda ba ƙarya ba ne, tun da Virginia ta fara a 2012 yanzu jihohi sama da 40 sun yi dokarsu. Amma ni ba Amurka zan kai ba! Na rubuta musu, farko na'ura ce ke ta maimaita min amsa ɗaya, da na samu mutum sai ya kwafo min wani layi daga can ƙasan sharuɗɗansu wai alhakin mai amfani ne ya tabbatar wanda zai karɓa ya yarda da notarin intanet. Na ce to ku turo min kwafi mai hatimin gaske ta gidan waya zan biya, ya ce babu irin wannan, fayil ɗin shi ne asali.

Sai na biyu, wanda shi ya fi ƙona min rai. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961, ke nan apostil, wato shaida guda ɗaya da ake manna wa takarda ƙasashen yarjejeniyar su karɓa, ba ya aiki a gida, sai dai a bi doguwar hanya, jiha ta tabbatar da cewa notarin na gaske ne, wasu takardun har sai sun bi ta ma'aikatar harkokin wajen Amurka a Washington, sannan ofishin jakadancin Najeriya ya buga nasa. Lauyan mai saye ya ce idan aka kawo da waɗannan zai karɓa. Na duba hatimin dattijuwar nan ashe a Florida take, kuma jihar da ta ba notari lasisi ita kaɗai ke iya tabbatar da shi. Ina zaune a New York, ofishin jiharmu yana nan Manhattan jirgin ƙasa ɗaya zan hau, amma takardata sai ta tafi Tallahassee, babban birnin Florida, ta gidan waya in zauna jira. Manhajar ba ta ba ni zaɓin jiha ba, duk wanda ba shi da aiki a lokacin shi suke haɗa ka da shi, kuma ba su gaya maka wannan yana da wani tasiri.

Ana haka mai saye ya fara maganar ya ga wani gidan, Hajiya tana kirana tana cewa ke kaɗai ake jira 'yar nan, yayyena kowa da abin da ya tsara zai yi da kasonsa. Kwanakin nan ko barcin kirki ban yi ba, kunya ta ishe ni kamar ni na riƙe wa marayu haƙƙinsu.

A ƙarshe dai sabo na yi. Na buga takardar, na je wani shago a unguwa mai notari, dala 2 da doka ta ƙayyade a New York, na sa hannu da biro a gabansa ya danna hatimi. Daga nan ofishin magatakardan gunduma dala 3, ofishin jiha dala 10, aka bi sauran matakan, na saka a DHL. Yaya ya ce lauyan ko minti ɗaya bai yi yana dubawa ba ya karɓa. Alhamdulillah cinikin bai rushe ba, amma hutun da nake ta tanadi ya tafi a bin layi.

Don adalci, bayan nan na sake amfani da su, takardar izinin tafiya ce ta ɗana da makarantarsu ta nema, a nan cikin gari, aka karɓa ba tambaya ko ɗaya. Saboda wannan ne ma na bar musu tauraro biyun. In takardarka a nan za ta tsaya, banki ne ko makaranta ko sayar da mota, yi abinka a waya ka huta. In kuwa gida za ta je, musamman fili ko gado ko asusun mamaci, kira lauyan da zai karɓa tukuna ka tambaye shi ƙarara ko zai yarda da hatimin da ba na tawada ba, kuma tambarin wa da wa yake so ya gani a kai.

Kuɗin farkon dai har yanzu ba su dawo min da shi ba, sun ce an riga an yi aikin. Na sake rubuta musu jiya na ce ko kuɗin ba za su bayar ba, su saka gargaɗi ga duk wanda takardarsa ke ɗauke da adireshin wata ƙasa, kuma su bar mutum ya zaɓi notarin jiharsa.