Kwanon roba ko alminiyum a rumfar ɗinki: ni dai na ɗanɗana duka biyun

Malam, batun rumfar ɗinkin da za ka yi a bayan gida, ko ka rufa ta da kwanon roba mai shigo da haske ko da kwanon da aka saba, ni kam ba zan yi maka kwana-kwana ba. Ka sa alminiyum fari, ka ɗaga rumfar sama sosai, sai ka tsarma roba ƙwaya ɗaya ko biyu a ciki, shi ke nan. Kar ka yarda wani ya zuga ka ka rufe ta duka da roba, don na yi na gani.

Tawa rumfar a nan Kano take, keke biyar ne a ciki da teburin yanka da wajen guga. Da farko saboda haushin rashin wuta na ce bari in rufe rabinta da robar nan mai garai-garai wadda kana ciki kana hango gajimare, kuma wallahi satin farko har maƙwabta ke leƙowa kallo, lokacin sanyi ne, zare kana zura shi a allura ba ko ƙifta ido. Sai bazara ta shigo, azumin 2023 ya kama daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu, ga ɗinkin sallah ya taru, ga zafin Kano da ke haura digiri 40, daga sha ɗaya na safe babu mai iya zama a ƙarƙashinta, kan keke in ka taɓa sai ka janye hannu, yaran da ke min ɗinki duk suka tattare kekunansu suka cunkushe a ɓangare ɗaya kamar kaji sun ga shaho. Abin da ya fi ƙona min rai shaddar wani bawan Allah ce mai ruwan bula da aka rataye kwana huɗu a wajen, kafaɗa ɗaya ta koɗe ɗayar tana nan, dole na biya.

Dalilin ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Robar garai-garai rana take bari ta wuce kai tsaye, ta sauka a kan siminti da ƙarfen keke da bayanka, duk su ɗau zafi, zafin kuma ba shi da hanyar fita, irin dai motar da aka ajiye a rana aka ɗage gilasai. Shi kuwa kwano yana tare ranar ne, sai dai shi kansa yana gasuwa ya riƙa turo maka zafin daga sama, to maganinsa launi da tsayi. Fari ko mai sheƙi yana mayar da yawancin ranar, baƙi da ruwan ƙasa da shuɗi mai duhu shanye ta suke, su dai kyau ne a ido daga waje.

Bayan sallah na sa aka kware komai. Na sayi lonsifan, wato dogon kwanon nan, na alminiyum fari mai kaurin milimita 0.45, aka ƙara tsayin ginshiƙai har gefen da ya fi ƙasa ya kai wajen mita 3, aka bar tazara kamar kamu ɗaya da rabi tsakanin bango da rufi ta kowane gefe aka sa raga saboda tsuntsaye da ƙadangaru, sannan wani tsohon kafinta da ya yi min aikin, Allah ya saka masa, ya ce in sayo asabari a ɗaure ta ƙarƙashin kwanon a bar iska tsakani. Na raina shawarar don abin ya yi min kama da na ƙauye. To yau da azahar a rumfar nan nake kishingiɗa, fanka ɗaya ce ta sola take juyawa, kuma dattawan layinmu sun mayar da bencin bakin ƙofa majalisa, wani ma ya ce ya fi ɗakinsa sanyi. Ko ruwan sama asabarin ya rage masa ƙara, da can in aka tsuge sai ka ɗaga murya kafin yaro ya ji ka ce miƙo almakashi. Alminiyum kuma ba ruwansa da tsatsa, ba kamar kwanon bandir ɗin nan marar kauri da damina uku huɗu ka ga ya fara ja a bakin ƙusa ba.

Haske fa, ta ina? Roba biyu kacal na sa a sabon rufin, kuma ba garai-garai ba, mai ruwan madara, wadda take watsa hasken ko'ina ba ta jefo maka shi wuri ɗaya kamar tocila. Ɗaya a kan teburin yanka, ɗaya a tsakiyar kekuna, wajensu ne kawai ba a sa asabari ba. Sauran hasken daga gefe yake shigowa, na sa wata robar a tsaye a saman bangon arewa inda rana ba ta cika dukansa kai tsaye ba. Yamma kam ko taga kar ka buɗe babba, ranar la'asar ta fi ta kowane lokaci mugunta. In kana son lissafi mai sauƙi, a duk kwano tara ko goma ka sa roba ɗaya, in ka ga duhu daga baya ƙarawa ba wuya, cirewa ce asara.

Ita robar garai-garai ban ce ba ta da amfani ba, mai renon tsirrai ko mai shanya wani abu zai so ta. Nan ta tsaya.

Wani zai ce maka ka nemi tsohon asbesto ya fi sanyi. Eh yana da sanyi, amma ƙurarsa in ana yanka ko ya farfashe tana lalata huhu har da ciwon daji, kar ka kusance shi, balle da yara a wajen.

Sai abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa maka, masu sayarwa. Wani mai shago ya rantse min robar da ya ba ni 'yar waje ce ba ta jin rana, ba ta rufa shekara biyu ba ta koma ruwan ɗorawa, in ka danna da yatsa sai ta ce ƙas kamar ƙwai. Mai kyau tana da wani shafi na kariyar rana a fuska ɗaya, kuma akwai leda manne da ke nuna wace fuskar ce za ta kalli sama, in babu ledar nan ko mai shagon ya fara inda-inda to ka kama gabanka. In akwai ma ka tsaya a kan kafinta, don in ya kifa ta an yi ba a yi ba. Haka alminiyum, a rubuta maka 0.45 a rasit a loda maka 0.35 kuma ido ba zai gane ba, ka ce a kawo geji a auna a gabanka, ba na saman kaɗai ba, ka zaro daga tsakiya. Kar kuma ka ba kafinta kuɗi ya je shi kaɗai, wasunsu suna da kamasho a shagunan, ku tafi tare ko da zai ɓata rai.

Ka tabbatar tudu da kwarin robar sun yi daidai da na kwanon, in ba haka ba wajen haɗin zai yi yoyo tun ruwan farko. A huda ta da na'ura ramin ya ɗan fi ƙusar faɗi saboda tana buɗewa da zafi tana tsukewa da sanyi, in aka doka mata ƙusa da guduma nan take take tsagewa, kuma a kan tudu ake ɗaurewa da wosha mai roba. Katakon a shafe shi da maganin gara, a ɗaure shi da ƙarfe a jikin ginshiƙi, ka san iskar farkon damina ba ta da wasa da rumfa mai tsayi. In hunturu ya wuce ka sa yaro ya watsa wa robar ruwa daga kan tsani ya goge ƙurar da tsumma mai laushi, amma ka ja masa kunne kar ya taka ta.