"Da sauƙi" ba ta shiga takarda: yadda ake auna asmar yara a Ingila

'Yan uwa na Jos, hunturu ya kusa, kuma masu yara masu asma sun san abin da ƙura da sanyi ke jawowa. Babban bambancin da ke tsakanin nan Ingila da gida shi ne irin tambayar da ake yi wa iyaye. A gida likita zai ce ya jikin yaro, uwa ta ce da sauƙi, ko da ta kwana zaune da shi. A nan takarda ake miƙo mata, aƙalla sau ɗaya a shekara.

Wadda aka fi gani ta 'yan shekara 4 zuwa 11 ce, mai tambayoyi 7. Yaron da kansa ke amsa huɗu, yana nuna hoton fuska mai murmushi ko mai ɓacin rai: ya ƙirjinsa yau, ko asmar na damunsa in ya yi gudu, ko yana tari, ko tana tashinsa cikin dare. Uku na iyaye ne, kuma lissafin kwanaki ake so cikin makonni huɗun da suka wuce. Maki duka 27 ne. In ya tsaya a 19 ko ƙasa, ciwon bai kwanta ba.

Dalilin raba tambayoyin yana da ma'ana. Uwa takan saba da tarin dare har ta daina ƙirga shi, kuma ba ta ganin yaron a filin ƙwallon makaranta, inda yake komawa gefe ya zauna. Don haka ku ajiye kalanda, ku riƙa sa alama duk daren da ya farka.

Maganin 'yan ƙasa da shekara 16 kyauta ne a nan, a gida kuwa sai an ciro kuɗi a kemis, shi ya sa ake sayen shuɗiyar inhela (abin fesa magani a shaƙa) ta Ventolin kaɗai. Ita buɗe ƙirji take yi nan take, ba ta hana ciwon dawowa. Hana shi dawowa aikin wata inhela ce da ake shaƙa kullum, mai ruwan ƙasa galibi. Yaron da ke neman shuɗiyar sau uku a mako, a kai shi wurin likita. Feshi 200 ne a cikinta, kuma tana ci gaba da fitar da iska bayan maganin ya ƙare, sai a ƙirga.

Ƙaramin yaro kuma ba a fesa masa kai tsaye a baki. Akwai bututun roba da ake haɗawa da inhelar: feshi ɗaya, ya ja numfashi biyar. A wanke shi da ruwan sabulu sau ɗaya a wata, a bar shi ya bushe da kansa, domin goge shi da tsumma na sa maganin manne wa jikin robar.