Wata shida da agogon zafin hayaƙi a jikin Land Cruiser ɗina

Motata tsohuwar Land Cruiser ce mai injin 1HZ, lita 4.2, silinda shida, irin wanda Toyota ta ƙera babu turbo. Bara na sa aka ɗaura mata turbo, aka kuma buɗe famfon gas kaɗan don ta ƙara jan kaya. Ƙarfi kam ya samu. Amma ranar da zan ɗauke ta bakanikena ya riƙe makulli ya ce, "Alhaji, ka sa agogon hayaƙi. Injin nan in ya gasu fistin ne zai tsage, kuma ba zai yi maka sallama ba."

Abin ba shi da wani girma: ɗan agogo mai jajayen lambobi, da tsinken ƙarfe mai auna zafi, nau'in K, da ake huda hanyar hayaƙi a cusa. Kuskurenmu na farko shi ne mun sa tsinken a bayan turbo, don nan ya fi sauƙin huji. Wata guda ina yawo bai taɓa wuce digiri 550 ba, ina ta murna. Ashe turbo na shanye zafin kafin ya iso wurin, tazarar takan kai digiri 100 zuwa 200. Dole muka mayar da tsinken kan manifol, wato bututun da ke tattara hayaƙi kafin ya isa turbo, sai da muka kwance turbo ɗin kafin mu huda, don kada ɓurɓushin ƙarfe ya faɗa cikin fukafukansa.

A Hawan Kibo, kan hanyar Jos, abin ya biya kuɗinsa. Mota cike da buhuna, ina giya ta huɗu, na danne totur har ƙasa. Kafin na sha kwana biyu lambar ta tashi daga 500 ta haye 730, hayaƙi baƙi ƙirin a madubi, ita kuwa allurar zafin ruwa ko gezau ba ta yi ba. Na sauko giya ta uku, injin ya sami iska, nan take ta gangaro wajen 600. Alminiyom zalla yana narkewa ne a digiri 660, wanda ake yin fistin da shi kuwa gauraye ne, tun kafin nan yake fara narkewa. Abin da ke ceton fistin shi ne baƙin mai da ke sanyaya shi, da kuma cewa wutar zuwa take tana wucewa. Wannan ceton ba ya ɗorewa in ka daɗe a sama. Da na dawo muka rage gas ɗin har baƙin hayaƙin ya ɗauke, na saita ƙararrawa a 700. Masu injin fetur kada ku ɗauki lissafina, naku ya fi jure zafi, kuma ƙarancin mai ko jinkirin tartsatsin fulogi ne ke ɗaga shi.

Inda ya ba ni haushi: da rana tsaka lambobin ba sa ganuwa sai na kare da tafin hannu. Wayarsa kuma gajera ce. Yaron rewaya ya ƙara mata wayar wuta ta gama-gari, agogo ya dinga ba mu lambar ƙarya, sai da na nemo waya irin tasa tukuna ya dawo hayyacinsa.

Yanzu in na iso gida ba na kashe mota sai lambar ta sauko ƙasa da 200, don turbo ya huce. Uwargida ta gaji da tambayar me nake jira a ƙofar gida.