Ƙunshin Gui Zhi Tang na mura: haɗin ya yi, mai ɗaure shi ne da gyara

Na sayi Gui Zhi Tang a ƙunshin busassun itatuwa, ba garinsa ba. Haɗi ne na Zhang Zhongjing, likitan Sin na ƙarshen daular Han, kuma sirrinsa na cikin awo. Rassan kirfa giram 9, saiwar bai shao (wani furen Sin, peony) giram 9, ɗanyar citta giram 9, saiwar gan cao (licorice) mai zaƙi da aka soya da zuma giram 6, sai ɗan itacen da ake kira "da zao" guda 12, 'yar uwar magaryarmu ce amma ta fi girma da tsoka.

Masu maganin Sin suna jera ganye kamar fada: sarki, waziri, mataimaki, manzo. Kirfa ce sarki, tana ɗumama jiki ta fitar da zufa. Bai shao waziri ne mai riƙe wa sarki linzami, kada zufar ta wuce kima. Shi ya sa ake sa su kai ɗaya. Ka ninka bai shao, ka tashi daga maganin mura ka koma na ciwon ciki, sunan haɗin ma canzawa yake. Citta na taya kirfa, da zao na taya bai shao, gan cao ya daidaita su.

A nan ƙunshin ya gaza. Busasshiyar citta aka sa, alhali a wajen masu maganin Sin wani magani ce daban, mai ɗumama ciki. Cire ta, ka yanka ɗanya. Da zao kuma ba a fasa ba. Sai ka tsaga su, in ba haka ba zaƙinsu ba ya fita sosai. Kirfar dai rassa ne na gaske, ba ɓawo ba, ƙamshinta na nan.

A dafa a tukunyar ƙasa, wuta kaɗan, har ruwan ya koma ƙasa da rabi, a kasa uku. Sha kashi ɗaya da ɗumi, bi da kunu mai zafi, ka rufa da bargo. Zufa 'yar kaɗan ake nema, ba a jiƙe sharkaf ba. Da ta fito, a ajiye sauran. Haka na yi, sanyin jikin ya sake ni.

Haɗin na murar da ke zuwa da ɗan gumi da tsoron iska ne, ba na zazzaɓi mai ƙuna da ƙishirwa ba. Mai hawan jini ya tambayi likita tukuna, don gan cao na ɗaga shi idan aka yawaita.