Katin NHIA: abin da yake saya wa ƙaramin ma'aikaci

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da albashinsa bai wuce mafi ƙarancin N70,000 da aka amince da shi a 2024 da nisa ba yakan fi ɗan kasuwar da ke samun ninkinsa kwanciyar hankali ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi. Bambancin katin inshorar lafiya ne kawai. Ɗan kasuwa zai taɓa jari, shi kuwa ma'aikaci asibitinsa zai nufa.

Tsarin, wanda dokar 2022 ta sauya masa suna daga NHIS zuwa NHIA, yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mai mata biyu da 'ya'ya tara sai ya zauna ya yi lissafi, don sauran sai an biya musu daban. Za ka zaɓi asibiti guda, ka ga likita ba tare da ka biya ba, a kan magani ka ba da kashi 10 cikin ɗari. Awon ciki, haihuwa, zazzaɓin cizon sauro, hawan jini: a nan katin ya cancanci yabo.

Matsala tana farawa ne a ɗakin magani. Asibiti na karɓar ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mai rajista, ko ya zo ko bai zo ba, kuma shekaru da dama N750 ne kacal yayin da magani ke ta tsada. Shi ya sa ake yawan jin "babu, je ka saya a waje". An ƙara kuɗin a 2025, amma har yanzu ka riƙa zuwa da ɗan abu a aljihu.

Sai kuma turawa babban asibiti. In ba larurar gaggawa ba ce, ba za a taɓa ka ba sai kamfanin HMO, wato mai shiga tsakaninka da asibiti kan harkar inshorar, ya turo lambar amincewa, kuma jiran nan kan cinye yini, kana zaune mai biya nan take ya wuce ka. Ka ajiye lambar wayar kamfaninka, ka kira da kanka, kada ka bar wa ma'aikacin kati. Hoton CT da MRI ma rabi ake biya maka.

'Yan kasuwa da masu sana'ar hannu na iya shiga ta GIFSHIP, shirin NHIA na ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi, su biya na shekara. Kafin ka zaɓi asibiti, tambayi masu zuwa can ko ana samun magani.