Horon ETAT na ceton yara: abin da na gani bayan wata 8 da karɓar takardar shaida

Shekara 11 ke nan ina aikin jinya, 7 daga ciki a ɗakin yara na wani babban asibitin gwamnati, saboda haka da aka sa sunana cikin waɗanda za su halarci horon ETAT, wato tsarin tantance yara marasa lafiya da ba su taimakon gaggawa da zarar sun iso asibiti, ban yi zaton zan ji wani sabon abu ba. Da gangan na jinkirta rubuta wannan sharhi har damina ta wuce, domin a watannin Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika mana ɗaki har a kwantar da yara biyu a gado ɗaya, ake gane ko abin da aka koya a aji yana da amfani a bakin gadon majinyaci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fitar da tsarin a 2005, kuma tushensa asibitin Queen Elizabeth ne da ke Blantyre a ƙasar Malawi, inda Farfesa Elizabeth Molyneux da abokan aikinta suka sake fasalin yadda ake karɓar yara marasa lafiya. Dalilin da ya sa aka tsara shi duk wanda ya yi aiki a ɗakin yara ya san shi: da yawa daga yaran da ke mutuwa a asibiti suna mutuwa ne cikin sa'o'i 24 na farko, wasu ma tun suna kan layi ba a kai ga ganin likita ba. Wannan asali ya kwantar mini da hankali, domin tsarin an gina shi ne a asibiti irin namu, mai ƙarancin ma'aikata da kayan aiki.

Namu horon kwana 5 aka yi, kuma darasin ranar farko shi ne ya fi komai tasiri a kaina. An koya mana mu duba kowane yaro da zarar ya shigo, cikin abin da bai wuce daƙiƙa 20 ba, mu tantance ko yana buƙatar ceto nan take, ko a gabatar da shi gaban layi, ko kuma zai iya jiran lokacinsa. Ana fara duba hanyar numfashi da shi kansa numfashin, sannan a taɓa hannu a ji ko ya yi sanyi, a danna farce har ya yi fari a saki, idan jinin ya wuce daƙiƙa 3 bai dawo ba a nemi bugun jijiya. Daga nan a duba ko yaron yana cikin hayyacinsa, ko yana jijjiga, ko gudawa ta tsotse masa ruwan jiki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ban sani ba tun ina makarantar koyon jinya. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in tashi daga kan tebur in bi layin da ƙafata ina nemansu, maimakon in jira wanda ya riga zuwa ya riga shiga.

Wata safiya cikin Satumba na bi layi na tarar da wata mata zaune a can ƙarshe, goye da ɗanta a cikin hijabi. Na ce, “Baiwar Allah, sauko min da shi in gani.” Ta ce, “Sista, barci yake yi, jiya bai runtsa ba saboda zazzaɓi.” Na kira sunansa bai motsa ba, na matse masa yatsa da ƙarfi ya ɗan yi nishi kawai. Tafin hannunsa fari fat, alamar ƙarancin jini. Muka ɗauke shi zuwa ciki, gwaji ya nuna sukarin jininsa ya faɗi, muka ba shi ruwan sukari mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, mililita 5 ga kowane kilo na nauyinsa kamar yadda aka koya mana, aka yi masa allurar artesunate ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, aka nemi jini. Kafin azahar ya buɗe ido yana neman mahaifiyarsa. Akwai mutum sama da 30 a gabanta a wannan layi, kuma ita ba mai rigima ba ce, da ba za ta taɓa ɗaga murya ta ce a duba mata ɗa ba. Tun daga ranar nake jin tsoron yaron da ya yi shiru a bayan uwarsa fiye da wanda ke tsala kuka.

Darasi na biyu da ya canza hannuna shi ne na ƙarin ruwa. Mun taso a kan cewa yaron da ya galabaita da zazzaɓi a buɗe masa ruwa ya zuba da sauri. Malaminmu ya kawo binciken FEAST da aka yi a Kenya da Uganda da Tanzaniya a kan yara fiye da 3,000, aka wallafa a 2011, wanda ya nuna cewa yaran da aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa a kan waɗanda ba a yi wa haka ba. Shi ya sa ƙa'idar da aka sabunta a 2016 ta ce sai an ga alamomi uku tare, wato sanyin hannu da ƙafa, da jinkirin dawowar jini a farce, da bugun jijiya mai rauni da sauri, kafin a ba da ruwa irin na ceto, shi ma a hankali ana sa ido. Yaro mai tamowa kuwa zuciyarsa ba ta ɗaukar ruwa mai yawa, don haka lissafinsa daban ne. An yi doguwar muhawara a aji a kan wannan, wasu manyanmu ba su gamsu nan take ba, kuma na yaba da yadda malamin bai kunyata kowa ba, ya bar hujja ta yi aikinta.

Rabin lokacin a kan aiki da hannu ya tafi. Mun yi ta hura wa ’yar tsana iska da jakar numfashi har sai ƙirjinta ya riƙa ɗagawa daidai, mun koyi sanya allura a ƙashin ƙauri idan jijiya ta ɓace, da ba da diazepam ta dubura ga mai jijjiga. Jarrabawar ƙarshe rubutu ce da kuma gwaji a gaban malami, kuma ba kowa ya ci a karon farko ba, abin da ya sa takardar ta yi daraja a idona.

Sai dai akwai inda masu shiryawa suka gaza, kuma ba zan ɓoye ba. Likitoci da ma'aikatan jinya kaɗai aka gayyata, alhali wanda ya fara ganin yaro a asibitinmu mai gadi ne, sai mai yanka kati, sai mai shara. Tsarin kansa ya ce irin waɗannan ma'aikata a koya musu gane alamun haɗari, amma ba a ware musu ko rabin yini ba, kuma takardun duk da Turanci suke. Ni na zauna da namu bayan tashi daga aiki na bayyana musu da Hausa, yanzu kuma mai gadinmu da kansa yake shigo da uwa da gudu idan ya ga yaro yana numfashi da ƙyar. Haka nan an koya mana ba da oksijin ga yaron da awon iskar jininsa ya gaza kashi 90, muka dawo muka tarar da na'urar awo ɗaya tak a ɗaki, injin oksijin kuma yana tsayawa da zarar an ɗauke wuta. An yi mana alkawarin bita bayan wata 6, har yau shiru, kuma ni da kaina na lura hannuna ya fara mantuwa da allurar ƙashi tunda sau biyu kawai na yi ta.

Duk da haka ina ba duk ma'aikacin da ke karɓar yara shawarar ya nemi wannan horo, ko da zai biya kuɗin mota da masauki daga aljihunsa kamar yadda na yi. Shugabannin asibiti kuma kada su tura mutum ɗaya, su tura aƙalla ɗaya daga kowane rukunin aiki na safe da yamma da dare, domin a ɗakinmu mu biyu ne kawai muka je, kuma duk daren da babu ɗayanmu layin yana komawa yadda yake a da.