Salisilik ko benzoyil: wanne ya dace da fuska mai maiƙo?

Da zafin Maris da Afrilu ya kama a Kaduna, ga gumi ga ƙurar hanya, fuska mai maiƙo sai ƙuraje. Magunguna biyu na shafawa aka fi samu a kemis.

Salisilik asid mai kashi 2 cikin 100 yana narkewa a cikin mai, shi ya sa yake kutsawa ramukan fata ya kwashe abin da ya toshe su. Shi ya dace da ƙananan ƙuraje da baƙaƙen ɗigon hanci da goshi. Sau ɗaya a rana ya isa da farko.

Benzoyil feroksaid kuwa ƙwayoyin cuta yake kashewa, don haka ya fi tasiri kan ƙurji mai ja da mugunya. A fara da mai kashi 2.5, mai kashi 10 ya fi jawo raɗaɗi da saɓar fata. Kamar ƙwayar wake za a lakata, a shafa sama-sama, yau a shafa gobe a huta. Aibinsa koɗar da tufafi: hijabi mai launi, tawul, rigar matashin kai, duk sai sun yi dabbare-dabbare. Da hunturu kuma dole a bi shi da man shafawa marar nauyi, ban da man bilicin, wanda sau da yawa shi ke haddasa ƙurajen.

Kowanne aka zaɓa, sai an yi mako 6 zuwa 8 kafin a ga canji.